Albashin Marigayi Lyle

Ranar wata Talata Lyle Benko ya yanke jiki ya faɗi a filin ajiye motoci na kamfaninmu, da kofin gahawa biyu a hannunsa, ɗaya nasa, ɗaya nawa. Kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Shekararsa hamsin da shida.

Shekara goma sha tara muna zaune ni da shi, teburina yana kallon nasa, a wani ɗaki mai taga ɗaya a bayan gareji, can gefen birnin Toledo. Aikinmu tsara tafiyar tireloli: wane direba zai ɗauki wane lodi, ta wace hanya zai bi, ƙarfe nawa zai sauke, wa za a kira in taya ta fashe a Indiana ko ƙanƙara ta rufe titi. Motoci sittin da huɗu ne, mun raba su gida biyu daidai wa daida. Na riga shi kama aiki da sati shida. Ni na nuna masa inda banɗaki yake, ni na gaya masa direbobin da ake lallaɓawa da waɗanda sai an daka musu tsawa.

Aka yi jana'iza, na je, na zauna a layi na uku a coci. Washegari na koma aiki na tarar an haɗa min motocinsa da nawa, wai kafin a samu wani.

Kwana goma bayan nan matarsa Trudy ta kira ni.

"Nadine, don Allah ki zo ki duba min takardun nan. Ni da na kalle su sai layukan su kama rawa. Shi ne mai yin irin waɗannan abubuwan."

Na je ranar Asabar da hantsi. Firjinta cike yake da tiren taliya da cuku da maƙwabta suka yi ta kawowa, har ta rasa inda za ta sa madara. Ta zuba min wani a faranti, muka zauna a teburin kicin, ta turo min kwalin takalmi cike da takardu.

Kamfaninmu yana yi wa ma'aikata inshorar rai. In mutum ya mutu yana aiki, ana ba iyalinsa ninki biyu na albashinsa na shekara. Ina cike fom ɗin, na iso layin da ake rubuta albashi, sai na ɗauko takardar biyansa ta ƙarshe don in kwafa. Dala dubu saba'in da ɗaya da ɗari huɗu.

Nawa dubu hamsin da huɗu ne.

Na kwafe lambar cikin akwatin da aka tanada. Na ci gaba zuwa layi na gaba, na tambayi Trudy ranar haihuwarta, ta faɗa min, na rubuta. Sai da muka kai shafi na huɗu na lura ta daina cin abincinta tana kallona.

"Kin gani ko?" ta ce.

"Na gani."

"Ya sani, Nadine. Shekara shida ke nan. Wata rana ya tsinci takardar albashinki a bakin injin buga takardu, ya dawo gida kamar an yi masa duka. Kwana biyu abinci bai shiga cikinsa ba. Ya ce zai gaya miki, ya ce zai je ya sami Garrett."

Garrett Rudnik shi ne mai kamfanin yanzu, ya gaji ubansa.

"Ni na hana shi," in ji Trudy. "Lokacin ne aka yi wa ɗanmu aikin baya. Na ce masa, Lyle, in ka ta da maganar nan ba ita za su ƙara wa ba, kai za su sa wa ido. Na ce ka rufa mana asiri. Kada ki ga laifinsa, nawa za ki gani."

Ta fashe da kuka. Na tashi na yago mata takardar goge hannu, na dafa bayanta har ta lafa. Ina tsaye a nan sai lissafi ya zo min da kansa: shekara shida ke nan da Lyle ya fara kawo min gahawa kullum da safe. Da can kowa nasa yake saye. Ban taɓa tambayarsa dalili ba, na ɗauka tsufa ne ya sa shi laushi.

Muka gama fom ɗin, na nuna mata inda za ta sa hannu wuri uku. Ta cusa min tire biyu na taliya na tafi da su. Na san na tuƙa mota na iso gida, tunda ga ni a ƙofar gida, amma ban iya tuna hanyar ba.

Mijina Curtis mai gyaran famfo ne, kuma mai saurin hawa. Da na gaya masa sai ya miƙe tsaye har kujera ta kife.

"Dubu goma sha bakwai? Duk shekara? Ke da kike amsa musu waya ranar Kirsimeti? Ɓarayin banza! Tashi mu je gidan Garrett ɗin yanzu."

"Zauna, Curtis."

"Ke wai ba ki ji haushi ba ne?"

"Ina jira," na ce masa.

Da gaske nake. Na yi ta jiran fushin ya zo, kamar yadda kake jiran hannun da ka kwanta a kai ya dawo da ji. Na dumama taliyar Trudy muka ci. Na wanke kwanuka. Fushin bai zo ba.

Sati uku na yi ban ce wa kowa komai a wurin aiki ba. Motoci sittin da huɗu ba sa barin mutum ya yi tunani. Ana cikin haka aka sanar cewa tsoho Dufek, shugaban sashenmu, zai yi ritaya a watan Afrilu.

Sau biyu kujerar nan ta taɓa zama babu kowa tun zuwana. Karon farko ina goyon 'yata. Mahaifin Garrett ya dafa kafaɗata ya ce tausayina yake ji, aikin yana da kiran gaggawa ba dare ba rana, mai jego ina ita ina wannan. Kiran kuwa ni na ci gaba da amsa shi, domin wanda aka ba kujerar ba ya ɗaukar waya. Karo na biyu aka ce sai mai digiri. Na shiga makarantar yamma, shekara biyar ina zuwa bayan an tashi aiki, na samo digirin. Yana nan cikin aljihun tebur tare da takardun mota.

Na rubuta takardar neman kujerar, na kai wa Garrett da hannuna.

"Shigo, Nadine, shigo. Ke da ofishin nan ai ba a yi miki iso. Yaya kike fama da aikin mutum biyu? Wallahi ban san yadda za mu yi ba da babu ke."

Na san shi tun gemu bai fito masa ba. Ba mugun mutum ba ne. Shi ya biya kuɗin furannin jana'izar Lyle, kuma ya yi kuka na gaske a bakin kabari.

Na ajiye takardar a gabansa, na ce, "Dubu saba'in da ɗaya da ɗari huɗu."

"Na me?"

"Na Lyle."

Ya jingina da kujera. Kunnuwansa suka yi ja.

"Trudy ce ta nuna miki? Ai wannan ba abin da..."

"Ka bar Trudy, makoki take yi."

Ya ɗauki biro yana juyawa. Sannan ya fara bayani, a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce a zamanin babansa aka ɗauke mu. Lyle ya yi ciniki ranar da ya zo, ya ce ba zai karɓi abin da aka yanka masa ba, aka ƙara. Ni kuwa da aka faɗa min nawa cewa na yi na gode.

"Kuma kin san Baba, mutumin da ne. A wurinsa Lyle magidanci ne mai ciyar da gida. Ke kuwa kina da miji. Ba na ce daidai ba ne, amma haka yake tunani. Daga nan duk shekara ana ƙara muku kaso ɗaya cikin ɗari iri ɗaya, nasa yana hawa a kan babba, naki a kan ƙarami. Ba wanda ya zauna ya ƙulla miki wani abu."

"Shekara takwas da rasuwar babanka, Garrett."

"Ba wanda ya ɗaga maganar."

"Wa zai ɗaga? Wanda ya sani ya yi shiru, wadda abin ya shafa ba ta sani ba."

Ya ce zai duba. Ya ce abubuwa sun yi tsauri bana, ga man dizal, ga inshorar motoci. Zai iya ƙara min dubu uku nan take, kuma a canja min suna a takarda in zama babbar mai tsari.

"Kujerar Dufek fa?"

Ya shafa ƙeya.

"Bari in gaya miki gaskiya, tunda ke ta gida ce. Rabin lodinmu daga masu kamfanonin gilashi yake fitowa. Su kuwa mutanen nan ba a ofis ake ƙulla magana da su ba. Duk kaka sai an je farautar agwagwa bakin tafki, kwana uku, bukka ɗaya, maza zalla, ana sha ana zagin juna. A nan ake sabunta kwangila. Shugaban sashe dole yana wurin. Yaya zan yi da ke a can?"

"Ka taɓa tambayata ko na iya harbi?"

"Kin iya?"

"A'a."

Ya yi dariya. Ni ma na ji bakina yana dariya. Na tashi na koma teburina, domin akwai mota a Fort Wayne da birkinta ya kama.

A watan Afrilu aka kawo Tanner Voss daga wani kamfani a Columbus. Shekararsa talatin da huɗu, ga fara'a, ga ladabi. Ranar da ya fara, Earl, wanda ya fi kowa daɗewa cikin direbobinmu, ya kira ni daga hanya.

"Uwar ɗakina, wai gaskiya ne an kawo mana ɗan tayi ya shugabance mu?"

"Gaskiya ne. Ka sauke kayan?"

"Ina na sauke? Sun shanya ni a bakin ƙofa awa biyu. Ke dai gaya min, ya san banbancin tirela da keken guragu?"

"Zai koya. Ba ni lambar mai gadin."

"Ke za ki koya masa ke nan. Kai, wannan kamfani! Jaki ya yi noma, doki ya ci dawa. Ni da ni ne ke, da tuni na banka wa ofishin wuta."

"Da kai ne ni, Earl, da tuni motocin nan sun ƙare a rami."

Ya yi ta ƙyaƙyata dariya har yana tari.

Ni na koya wa Tanner aikin. Wata uku yana jawo kujera kusa da ni da littafinsa yana rubutu. Yana da kai, ba a maimaita masa abu sau biyu. Wata rana muna cikin duba jadawalin mako sai ya ajiye biro.

"Nadine, kin san dai ke ya kamata a ce kina kujerar nan."

"Na sani. Danna nan, sai sunayen direbobin su fito."

Ya danna.

Curtis ne ya samo min wata lauya. Ya yi mata gyaran bututu a gida, ya zayyana mata labarin yana kwance ƙarƙashin wurin wanke kwanuka, ta ba shi katinta. Sati biyar katin yana manne a jikin firji kafin na je, shi ma don in huta da mitarsa ne. Ofishinta yana saman ofishin wani likitan haƙori, ana jin ƙarar injin ta ƙasan bene. Mace ce ƙarama mai furfura, ba ta ɓata lokaci.

"Aiki ɗaya, ɗaki ɗaya, motoci daidai, kin riga shi zuwa. Ban cika samun mai kyau haka ba," ta ce. "Amma ki saurare ni. Doka ba za ta koma miki shekara goma sha tara ba. Biyu za ta koma, in mun yi sa'a uku. Sauran sun tafi. Maganar kujera kuwa ta fi wuya, sai su ce Tanner ya fi ki sanin kwastomomi, kuma Garrett ba zai rubuta zancen agwagwa a takarda ba. Za a ɗauki shekara ko fiye. Kina zaune a cikinsu za a yi. Kuma masu tirela a garin nan duk sun san juna, ki sa a ranki ba wanda zai ɗauke ki bayan haka. Kina so?"

Na duba cikina ko zan ji so ko ƙi. Ban tarar da kowanne ba.

"A ina zan sa hannu?" na ce.

Dole sai da Trudy ta ba da takardun Lyle da shaidarta. Lauyar ce ta kira ta, ba ni ba. An ce ta kawo su washegari da safe cikin kwalin takalmin nan.

Wata goma sha ɗaya aka yi. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kore ni. Garrett dai ya daina shigowa ɗakinmu, in yana da magana sai ya rubuto, ya tura wa lauyansa kwafi. A ɗakin cin abinci in na shiga sai hira ta koma kan yanayin gari. Matan ofishin gaba su uku ne. Biyu suka daina zama kusa da ni. Ta ukun ta tare ni a banɗaki, ta leƙa ƙarƙashin ƙofofi ta tabbatar ba kowa, ta riƙe hannuna ta matse, ta fita. Sai na koma cin abincin rana a mota. Burodi da naman talotalo, rediyo a kashe, ina kallon katangar gareji. Minti ashirin da biyar, in koma.

Aka ɗauki wani a gurbin Lyle, daga baya. Ban nemi sanin albashinsa ba.

Da kaka ta zo Garrett da Tanner suka tafi bakin tafki kwana uku. Ni na riƙe sashen. Suka dawo da kwangilar shekara biyu da agwagi a cikin kula, aka raba wa ma'aikata. An ajiye min biyu a kan tebur cikin leda. Na kai gida, Curtis ya ce ba za a dafa su a gidansa ba, na ba maƙwabciyarmu.

A ƙarshe suka nemi sulhu. Aka zauna a wani ɗakin taro na haya, mu a gefe ɗaya su a gefe ɗaya, da kwalaben ruwa a tsakiya. Za su biya wani abu, ba tare da sun amsa laifi ba. Ni kuma in ajiye aiki, kada in faɗi adadin, kada in ambaci sunan kamfanin. Shi ya sa ban ambata ba. Abin da zan iya cewa, bayan lauya ta cire kasonta, gwamnati ta cire nata, ya isa muka sauya rufin gida, muka rage wa 'yarmu kuɗin makaranta, ɗan saura ya shiga ajiya.

Garrett bai kalle ni ba har aka gama. A bakin ƙofa ya tsaya kamar zai ce wani abu, lauyansa ya taɓa masa gwiwar hannu, suka wuce.

"Kin yi nasara fa," in ji lauyata a cikin lif. "Da yawa ba sa samun ko wannan. Ki je ku yi biki."

Na ce to. Na biya wurin makanike aka canja min baƙin mai, don fitilar gargaɗin motata ta kwana biyu tana kunnuwa.

Sati bakwai na yi a gida. Na nemi aiki a kamfanonin tirela huɗu, biyu ba su amsa ba, biyu suka ce sun riga sun cike. Daga baya na samu a sashen motocin makaranta na gunduma, ina tsara bas-bas masu kai yara. Albashin bai kai wanda na bari ba. Amma a manne yake a allon sanarwa kusa da injin gahawa, mataki-mataki, kowa yana ganin na kowa. Ranar farko na daɗe a tsaye ina karanta shi, har wata ta tambaye ni ko na ɓata ne. Shekarata hamsin da uku, a mataki na biyu na fara.

Trudy ta aiko min da kati sau biyu a wannan tsakanin. Na karanta, na ajiye, ban amsa ba. Ba gaba nake yi da ita ba, abin da zan rubuta ne ban samu ba. Sai a watan Mayu ta kira, ta ce ta sa gidan a kasuwa, za ta koma kusa da ɗanta a Dayton, kuma har yau ta kasa taɓa kayan Lyle. Cocinsu yana karɓar tufafin sadaka ranar Asabar.

Na je da kwalaye shida daga kantin kusa da mu. Muka buɗe durowar. Rigunan aikinsa ne a jere, masu ratsi-ratsi, na san kowacce. Ina cirowa ina ninkewa, tana jerawa. Mun cika kwali uku, sai ta zauna a bakin gado da wata rigar sanyi a cinya.

"Nadine, kin yafe mana?"

Na tsaya da riga a hannu. Na so in ba ta amsar da za ta tafi da ita Dayton, kowace iri ce. Na duba, na sake dubawa.

"Ban sani ba, Trudy. In na sani zan kira ki."

Ta gyaɗa kai. Ta goge ido da hannun rigar, ta ninke ta, ta sa a kwali.

"Takalman fa? Suna karɓar takalma?"

"Suna karɓa, in an ɗaure su ƙafa bibbiyu."

Ta tafi kicin neman igiya. Na jawo kwali na huɗu na fara kan wanduna.